Gidan da Muntaka Ya Gina Cikin Kwamfutar Hafizullahi

Hafizullahi ɗan ƙanena ne, kuma tun yana goye ba ya zama wuri guda. Da muka baro ƙauyenmu na gefen Gatawa muka dawo Sabon Birni, sai ya kafa rumfar cajin waya bakin kasuwa, da farantin sola biyu da wata tsohuwar kwamfuta da ya saya hannun wani ɗan kasuwar Maraɗi. Ni ke kai masa fura bayan azahar, shi ya sa na ga abin da na gani.

Cikin kwamfutar akwai wani wasa na gini da tubala. Ita ce saba, in ji shi, wato ita ke riƙe da filin wasan, kowa ya shigo ta wayarsa daga inda yake. In ta mutu, ba mai shiga. Mutanen ƙauyenmu da suka watse, wasu Isa, wasu Sakkwato, wasu Nijar, nan suke haɗuwa. Sun sake gina ƙauyen, har da rijiya da tsamiyar bakin masallaci. Hafizullahi ke raba fili, shi ke korar mai ɓarna. Wani Isah direba ya taɓa sakin tumaki cikin geron wani, aka hana shi shiga kwana uku.

"Gwaggo, ga ɗakinki," ya ce mini wata rana.

"Rumbuna fa?"

"Za ni gina."

"Ka ce haka tun kaka."

Wanda ya fi kowa gini shi ne Muntaka, abokinsa mai sayar da albasa. Aka tare motarsu kan hanyar Isa, Allah ya yi masa cikawa. Matarsa Khadija ta shiga takaba a gidan ubanta, Malam Wakili. Ta aiko ni da magana guda: tana son ganin gidan nan da mijinta ke yini yana ginawa cikin waya, tana yi masa faɗa a kai. Wayar ta tafi tare da shi.

Hafizullahi ya kulle gidan, ba mai iya cire tubali ko ɗaya. Ya ce in ta fita takaba ta zo rumfa ta gani. Amma bazara ta shigo, kwamfutar ta fara zafi tana ƙara kamar injin niƙa, tana ɗaukewa sau uku a yini. Ya ɗora ta bisa murfin randa, ya jiƙa buhu ya kewaye, ya sa mata fanka. Ya kwafi wasan a ɗan kati, sai dai ba shi da wata na'urar da za ta buɗe shi. Ya zauna, ya tashi, ya taɓa ta da bayan hannu, ya leƙa rana. Furar ma a tsaye yake sha. Saura kwana ashirin da shida Khadija ta fita takaba.

"Ba ta kaiwa," na ce masa.

"To mi za ni yi, Gwaggo? Ita ba ta fita, ni ba ni shiga."

"Abin naka yana tsallake katanga?"

Ya tsaya. Ya ce in da kusa ne, yana tsallakewa. Tsoronsa kada a motsa ta ta ƙi tashi.

Ranar Laraba da hantsi ya ɗauko ta bisa faifai kamar mai ɗauke da ƙwai, ya zauna zauren Malam Wakili. Sai da ya danna sau huɗu ta tashi. Na karɓi wayarsa na shiga ciki, Saude ƙanwar Khadija ta riƙe, don ita ta iya tuƙa ɗan mutumin da ke cikin wasan.

Mutum bakwai sun ji labari sun shigo wasan. Duk sun yi cirko-cirko ƙofar gidan Muntaka, ba wanda ya wuce zaure. Suka yi ta rubuto sallama da ta'aziyya, Saude na karantawa. Isah ya rubuto, "A ce mata mu baƙi ne, muna waje."

Khadija ta amsa a hankali, sannan ta ce a shiga. Ga turke, ga rumbu, ga ɗakinta. Daga gabas kuma ga madafi mai rufi, wanda ta shekara uku tana roƙonsa a can gida bai yi ba. Rabin rufin ne kawai, sauran sarari.

Ta daɗe tana dubawa.

"Ko nan bai gama ba," ta ce, ta yi 'yar dariya, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Daga zaure Hafizullahi ya ɗaga murya, "Gwaggo, ku hanzarta, ta yi zafi. A tambaye ta, in ƙarasa rufin?"

Ta girgiza kai. Ta ce a sake zagayawa da ita sau ɗaya, daga bakin ƙofa. Saude ta juya ɗan mutumin, suka fara. Sun kai turken ke nan hoton ya tsaya cak.

"Ya isa," in ji Khadija. "Na gani."

Da na fito, yana durƙushe yana yi wa kwamfutar fifita da hularsa, yana tambayar Malam Wakili ranar da motar Maraɗi ke tashi, ya kai ta gyara.