Salbiyar Baba Sylvanus

Kai ma dariya za ka yi, na sani, ni ma na yi. Ƙato da furfurarsa yana hira da fure!

Baba Sylvanus maƙwabcinmu ne a Kakuri, mutumin Kagoro. Shekara ashirin yana kula da lambun wata Baturiya a gidajen reluwe. Da za ta koma ƙasarsu, reshe ɗaya ta ba shi na wani fure mai suna salbiya. Doguwa ce, furenta shuɗi kamar an tsoma a baba, ƙudan zuma ba sa barinta.

A bayan ɗakinsa ya dasa. Kowace shekara sai ya datse kanta, ya bar mata ƙarin yatsa huɗu. Bara ta kawo mini kafaɗa.

Na ce, "Baba, abin da ba ya shiga miya? Ka sa kuɓewa mana!"

Ya ce, "Judith, rage murya. Tana ji."

Matarsa Mama Saratu ce ta gaya mini. 'Yarsu Eunice ta rasu tana jaririya, suka binne ta a bayan ɗaki. Salbiyar a kanta take. Tsawon da yarinyar za ta kai a shekarar, shi yake auna mata.

Sai aka ce za a gina masaƙa, layinmu zai tashi. Baba bai damu da ɗaki ba, barin Eunice ne ba zai iya ba. Ya yanki rassa goma a ƙasan gaɓa, ya soka a gwangwanayen madara cike da yashin kogi, zai tafi da su unguwar Narayi, inda zai koma. Tara ya riƙe. Ɗaya ya miƙo mini don tsiya, wai in sa a miya.

Nasa tara duk suka bushe. Mutumin da ko tsinke ya soka sai ya yi ganye! Bai yi wata biyu a Narayi ba ya rasu.

Nawa kuwa a bayan murhu na jefar, ko ruwa ban ba shi ba. Da muka yi ƙaura na ɗauko don gwangwanin kawai. Yanzu ya yi fure.

Jiya da rana tsaka Mama Saratu ta zo. Ko gaishe ni ba ta yi ba. Ta kalli furen, ta durƙusa daidai cikina, ta ce, "Sannu da hanya, Eunice."

Cikin nan wata biyu ne. Ko mijina ban gaya wa ba.

In kai ne, tugewa za ka yi ko ban ruwa?