Sandar Kaka da Bututun Murhu

Jiya mai gyaran famfo ya zo gidan da nake haya a unguwar Cheras, nan ƙasar waje. Ya ƙwanƙwasa bututu, ya kasa kunne. Nan take na tuna kakata, domin haka take yi, Allah ya jiƙanta.

A lokacin a Gembu muke, inda sanyi ke sa a hura murhun ƙarfe cikin ɗaki, bututu na fitar da hayaƙin. Kaka ba ta gani, amma kullum kafin a sa itace sai ta bugi bututun da sandarta, ta saurara.

Wata rana da damina, yayata mai jego ta ce kanta na sara, jaririn kuma ya ƙi tashi ya sha nono. Ni da digirina na ce wataƙila zazzaɓi ne, har na rufe taga. Kaka ta shigo, ta bugi bututun sau ɗaya.

"Ke 'yar boko, fitar min da su waje! Murhun nan ba ya numfashi."

Muna fita cikin yayyafi, jim kaɗan jaririn ya tsala kuka. Da aka sauke bututun, kunkunniya ce ta toshe shi, baƙa ƙirin.

Har yau ban tabbatar da abin da kunnenta ya ji ba. Na sha gwadawa, ni dai ƙarfe kawai nake ji. Yaron nan yanzu yana firamare. Allah ya yalwata mata kabari, ya sa iskar rahama ta riƙa ratsa shi.