Ranar da Na Yanke Layin Baba da Almakashi

A gidanmu ni ce alƙaliyar waya. Ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina tun watan da na fara karɓar albashin koyarwa a wata firamare nan Tudun Wada na sayi babbar waya. Duk wanda zai sayi waya a dangi sai an turo min shi na yi masa bayani: wannan batirinta na jimawa amma hotonta kamar ta cikin labule aka ɗauka, waccan ga hoto tangaran amma kafin azahar ta fara kukan caji. Layi uku gare ni, kowanne da aikinsa. Ɗaya na kira ne, don da ka wuce mintin farko kuɗin sauka yake yi. Na biyu na data ne, suna bayarwa da yawa, sai dai su ce ka cinye cikin mako guda ko su kwashe abinsu. Na ukun ba araha ba kirki, amma shi kaɗai ke kamawa a ɗakina ba sai na fita bakin rijiya na ɗaga hannu sama ba. A jakata kuma akwai caja iri uku: mai siririn baki irin ta da, da mai faɗin baki wadda sai an duba gabanta da bayanta, da sabuwar nan da ta kowane gefe ka soka shiga take yi. Malaman makarantarmu sun san inda za su zo aro, sun kuma san ba na yafe wa wanda bai dawo da ita ba.

Mutum ɗaya ne ya gagare ni, shi ne Babana.

Baba tela ne. Tun kafin a haife ni yake zaune a shago ɗaya bakin titi, yana ɗinka kaftani da jamfa da babbar riga. Wayarsa irin 'yar ƙaramar nan ce mai tocila, wadda marasa kunya ke kira rakani-kashi. Lambobin jikinta sun goge, bayanta da roba aka ɗaure, cajinta kuma daga Juma'a sai Juma'a. Shi dai wayar ba ta dame shi ba, lambar ce dukiyarsa. Shekaru da dama da suka wuce ya sa aka buga masa ita a jikin ƙananan ƙyallaye, duk rigar da ya gama sai ya ɗinka ɗaya a cikin wuyanta. Wanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Kaduna ko Abuja, in ya tashi sabon ɗinki, wuyan tsohuwar rigarsa zai juya ya kira. Wanda ya ga rigar a jikin wani ta burge shi, nan zai kwafe. Baba bai taɓa ajiye lambar kowa ba, bai ma iya ba. Shi ake kira, ta hanya ɗaya tak.

Abin da ya tunzura ni shi ne hotuna. Masu ɗinki na yanzu ba sa kwatanta aikin wuya da baki, hoto suke turowa, kuma tunda wayar Baba ba ta san hoto ba sai ya riƙa ba su lambata. Ina tsakiyar koya wa yara lissafi waya za ta yi ƙara, in duba in ga wuyan rigar wani ƙato. Da an tashi, maimakon in wuce gida, sai in bi ta shago in tsaya ina riƙe masa waya yana ƙare wa surfani kallo, yana cewa in ƙara matso da shi. Ranar da wani ya kira ni yana faɗa wai an rage masa tsawon hannu, na ce abin ya ishe ni.

Asabar uku na yi ina zirga-zirga a shagunan waya na Kwangila, ina nema wa Baba sabuwar waya. Na gwada ƙarar kowacce, don dole a ji ta ko keken ɗinki na aiki, janareton maƙwabci na ruri. Na ƙi wata mai kyau saboda ba a samun gilashin kare fuskarta a Zariya, na ƙi wata saboda cajarta ba ta shiga kowace waya sai ita. Daga ƙarshe na tsaya a kan wata mai ɗaukar layi biyu, don ina da niyyar in lallaɓa in saka masa layin data mai araha kusa da nasa mai tsadar. Da ma na sha yi masa wa'azin ya bar wannan layin, na lissafa masa abin da yake asara a kowane kira, ya ce araha ba ta ado. Sharaɗi ɗaya ya kafa min kafin ya yarda da sabuwar wayar: kada a taɓa masa lamba.

Mai shagon ya tambaye ni irin layin da za a saka. Da na kwatanta masa, ya ce ai wannan tsohon yayi ne, babba, sabuwar kuwa ƙarami take ɗauka kamar farce. Ya ce suna da abin yankewa, amma shi ba ya yanka irin waɗannan tsofaffin, don ruwan zinaren da ke jikinsu ya yi faɗi, ana taɓa shi layin ya mutu. Gara in je ofishin kamfanin su musanya min da ƙarami, lamba ɗaya. Na tuna jerin gwanon da ke bakin ofishin nan, na tuna Asabar ce da yamma, na ce masa na gode. A raina kuwa cewa na yi, 'yar tela za a koya wa yanka? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Na isa shago Baba ya tafi sallar la'asar, ya bar wayarsa a kan teburin yanka. Na zare robar, na ciro layin, na ɗora ƙaramin layina a kansa, na zagaye da allin awo. Sannan na ɗauko babban almakashinsa, wanda ko mu 'ya'yansa ba ya yarda mu yanke zare da shi, na bi zanen nan tsaf, gefe huɗu. Wallahi yankan ya yi kyau. Ina cikin goge bakin da 'yar takardar yashi Baba ya yi sallama, ya dubi almakashi, ya dubi ɓarɓashin da ke kan tebur.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "kin bar masa rara?"

Ban bar masa ba. Abu na farko ke nan da yake koya wa duk wanda ya zo koyon ɗinki, a yanka da rara, don ragewa ake iya yi, ba a ƙarawa. Na saka a sabuwar waya, ya zauna daram, waya ta ce babu layi. Na kashe na kunna, na hura, na goge da bakin mayafi. Na mayar da shi tsohuwar, na tokare da takarda don kar ya yi rawa, nan ma shiru. A lokacin saura kwana goma sha biyu a ɗauki azumi, wato daidai lokacin da masu ɗinkin sallah ke fara kira suna kama layi.

Da Baba ya yi faɗa da na ji sauƙi. Bai yi ba. Ya mayar da almakashinsa cikin aljihun tebur, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Washegari na same shi ya ajiye matacciyar wayar a inda ya saba, gefen keke, lokaci-lokaci yana waiwayarta. A ranar ne ma labari ya iso cewa wani Alhaji da ke aiko da shaddar gidansa kaf duk shekara ya kira ya kira bai samu ba, har ya tambayi wani ko lafiya telan nan yake. Kunya ta hana ni cin abinci.

Ranar Litinin na nemi izini a makaranta, na ɗauki Baba muka tafi ofishin. Hali zanen dutse, ko a cikin jerin gwanon sai da na yi wa wata mata bayanin yadda ake hana data sabunta kanta ba da izini ba, Baba yana yi kamar bai san ni ba. Wadda muka faɗa hannunta wata matashiya ce mai ƙaramin gicciye a wuya, Hausarta ta Zazzagawa tsantsa. Ta gaishe da Baba da ladabi, ta karɓi guntun layin, ta juya shi, ta tambaya wane ne ya yi wannan aikin. Baba ya ce wata ƙwararriya ce. Ta danne dariya, ta buga lambar a kwamfuta, sai na ga ta ɗan dakata.

"Baba, ai wannan layin ba da sunanka yake ba. Na wata mata ce. Sai ta zo da kanta ta ɗora yatsa."

Baba ya ce wace mata kuma, layin da ya fi shekara goma sha biyar a aljihunsa? Ita kuwa sai ta juyo da fuskar kwamfutar wajenmu, ta ce mu duba ko mun san ta.

Inna ce, mahaifiyata, wadda shekara biyu ke nan da rasuwarta. Tana sanye da hijabinta ruwan toka, goshinta na ƙyalli da gumin tsayuwa a rana, ta matse baki irin yadda take yi in dariya na son ƙwace mata a wurin da bai kamata ba. Ba mu taɓa ganin hoton ba. Inna ba ta son hoto, ko a biki aka ɗaga waya sai ta ja mayafi, abin da muke da shi nata bai wuce biyu ba, su ma daga nesa.

Nan take na tuna yadda aka yi. Lokacin da aka ce kowa ya yi wa layinsa rajista, Baba na cikin ɗinkin sallah har wuya, ya ce shi ba zai bar keke ya je ya wuni a tsaye ba. Inna ta karɓi wayar ta tafi, aka ɗauki hotonta da yatsunta. Duk sanda aka sake cewa a zo a sabunta, ita ke zuwa, ta dawo tana mitar zafin rana. Ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa a wurin kamfani ita ce mai layin.

Baba ya ƙura wa hoton ido. Ni ce na gaya wa matashiyar cewa mai layin ta rasu. Ta yi mana ta'aziyya, sannan ta rubuta mana abubuwan da za mu kawo a mayar da shi sunan Baba: shaidar rasuwa, takardar rantsuwa daga kotu, katin shaidarsa da nata. Kwana takwas na yi ina hawa acaɓa ina sauka. Wani ofishin a ce mai sa hannu ya fita, wani a ce hoton Baba ya yi duhu a sake wani. Ni da ba na haƙuri da jira, ban ɗaga wa kowa murya ba, don na san wanda ya jawo. A shago kuma Baba ya koma aika saƙon baki ta hannun duk wanda zai shiga motar Kaduna, a gaya wa mutanensa yana nan da ransa.

Ana jibi azumi muka koma da takardu cikakku. Matashiyar ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta ɓare sabon ƙaramin layi, ta turo wa Baba ɗan akwatin ɗora yatsa. Ya miƙa hannu, sai ya tsaya.

"'Yata, in na ɗora, hoton nan fa?"

Ta ce nasa ne zai maye gurbinsa, wancan ba za a sake ganinsa ba. Ya tambaya ko za a iya buga masa a takarda, ta ce ba a ba su izini ba, ko ɗaukar fuskar kwamfutar ma an hana. Baba ya janye hannunsa ya ɗora a gwiwa. Na san abin da ke ransa, na kuma san in ya tashi daga kujerar nan ba lamba, ba ɗinkin sallah. Bayanmu mutane sun fara tsaki.

Sai matashiyar ta miƙe, ta ce takardar da za mu sa wa hannu ta ƙare, bari ta ɗauko a ciki, za ta ɗan jima. Kafin ta tafi ta ƙara juyo da kwamfutar wajenmu. Ga takardun nan kuwa jibge a gefen hannunta, ina ganinsu. Na zaro sabuwar wayar Baba daga jaka, na ɗauki hoton Inna sau uku. Da ta dawo, Baba ya ɗora babban yatsansa ba tare da an sake ce masa komai ba, ya yi ta sa mata albarka har ta sunkuyar da kai.

Ba mu kai bakin titi ba layin ya kama. Kira biyu suka shigo kafin mu sami abin hawa, na nuna masa yadda ake shafa kore a amsa, ya ce wa kowannensu ya kawo shaddarsa gobe da wuri. Da muka shiga keke mai ƙafa uku ya ce in buɗe masa hoton. Ya riƙe wayar da hannu biyu, can sai fuskarta ta dushe, ya juyo da sauri ya tambaye ni me ya faru. Na ce ba komai, haka take yi in an bar ta, da ya taɓa da yatsa za ta dawo. Akwai wurin da ake shiga a ƙara mata lokaci, na san shi sarai, amma ban nuna masa ba. Haka muka taho har Tudun Wada, duk sanda hasken ya fara ja baya sai ya sa yatsa a hankali ya taɓa goshinta.