Ƙwallon Gem a Zauren Kawu

Ina aji huɗu na firamare aka tura ni hutu daga Nguru zuwa Gashua, gidan kawuna mai fataucin tattasai. A shekarar ya dawo daga Kano da gem na ƙwallon ƙafa, irin wanda ake jonawa da talabijin. Yana da ɗa sa'ana, yaro mai shiru-shiru da in'ina.

Kawu bai taɓa buga gem ɗin ba, kallo kawai yake so. Bayan la'asar sai a tayar da janareto, a fito da talabijin zaure, abokansa 'yan kasuwa su baje a tabarma, mu biyu a zaunar da mu a gaba. Ni ne Nguru, ɗansa Gashua. Ya kafa doka cewa duk wanda aka zura wa ƙwallo zai miƙa kai ɗayan ya ranƙwashe shi. In ranƙwashin bai yi ƙara ba, shi kawu zai maimaita da hannunsa mai zoben azurfa. Ya ce ai wasan taubasai ne.

Da farko ni ake ci, kaina ya yi ƙulu-ƙulu. Da hannuna ya faɗa, na fara cin ɗansa. Ran da na yi masa kaca-kaca, abokan kawu suka yi ta tsokanarsa, wai ɗan baƙo ya zo har gida ya kwashe masa kaya. Kawu ya yi dariya tare da su. Da suka watse ya ja yaron ɗaki, muna jiyo ƙarar dukan bel daga tsakar gida.

Washegari na riƙa bar wa yaron hanya da gangan. Wani mai sayen shinkafa cikin abokan kawu ya lura, ya tona ni. Kawu ya kama kunnena ya murɗe.

"Ni za ka raina wa hankali? Tausayin ɗana kake ji a gidana?"

Daga ranar na rasa tudun dafawa. In na ci, a dake shi. In an ci ni, a ranƙwashe ni. Tun azahar nake kasa cin tuwo, in yi ta zaryar banɗaki. Tafin hannuna ya riƙa zufa har abin bugawar yana suɓucewa. A sujada addu'ata ita ce Allah ya sa a rasa fetur a gari. Shi kuwa ɗan kawu in'inarsa ta ƙaru har ya daina amsa gaisuwa, ya cinye farcensa har jini. Wata rana ya ɓuya a bayan buhunan tattasai. Atishawa ta tona shi, aka jawo shi idanunsa jajur, aka zaunar da shi kusa da ni, aka ce mu fara.

Da hutu ya ƙare na koma Nguru, amma abin ya biyo ni. Ko mai aski ya tayar da janareto a bakin titi, sai in ruga banɗaki. A aji babban yatsana yana ta danna benci ban sani ba, har malami ya buge hannun da rula. Mahaifiyata ta ce tsutsar ciki ce, ta ɗura mini magani mai ɗaci.

Sai da wani hutun ya matso na daure na gaya wa mahaifina komai. Yana alwala, bai ɗago ba. Ya ce ɗa namiji ba ya tsoron hoton talabijin, kuma ba zai ɓata da surukinsa a kan wasan yara ba. Ya kai ni tasha da kansa, ya damƙa ni ga direba. Na yi amai tun ba mu fita daga gari ba, wata mata ta ce a mayar da ni kujerar baya.