Namijin Gwanda a Bakin Rariya

Har yau ba na cin gwanda. Jikokina sun ɗauka cikina ne ba ya karɓarta, ni kuma na bar su a haka, don ba kowace magana ake kwance wa yaro ba. Cikina lafiyarsa ƙalau.

Lokacin ana kiran ƙasar nan Dahome, Turawa ba su daɗe da sauka daga mulki ba. Muna zaune a Parakou, can gefen Ganou, kuma a zamanin gidanmu ne kusan na ƙarshe, in ka leƙa bayan katanga sai gonakin doya. Babana dillalin shanu ne, kullum yana kasuwar kara tare da Fulani. Ni kaɗai ce mace a cikin 'ya'yansa, kuma na san matsayina sarai. In ya gama cin tuwo bayan magariba ni yake kira in ɗauke akushi, in na buɗe sai in tarar ya bar mini tsoka a gefe. Shi ya sa ni lakwal, wato makarantar boko, abokansa na ta surutu wai me mace za ta yi da karatun Nasara, ya toshe kunnensa.

Ana nan sai gwaggona ta Djougou, ƙanwar Baba, ta rasu. Ya tafi gaisuwa, ya dawo a bayan babbar mota tare da 'yarta, sa'ata, wato taubashiyata. Ya tsayar da ita a tsakar gida ya ce mini, “Ga 'yar'uwarki, ku riƙe juna.” Kayanta ƙunshi ɗaya ne tak. A bakin gyalenta kuma ta ƙulle irin gwanda da aka shanya da toka, daga bishiyar gidan uwarta.

Na tausaya mata da farko, wallahi har kuka na taya ta. Amma yarinyar nan tana da abin da ba ni da shi. Kafin Baba ya ce ruwa ta durƙusa da moɗa. Hausarta ta Djougou ce, gauraye da yaren Dendi, ko gishiri ta ce a miƙo mata sai Inna ta yi dariya ta ce ta sake faɗi. Ni ina lakwal tun safe, ita tana gida tana daka da Inna, tana tsintar labarin da ba na nan aka yi. Tsokar akushi ta koma biyu, ƙanana. Kowace rana sai na duba wacce ta fi girma.

Da damina ta kama, Baba ya raba mana irin nan biyu a tafin hannunsa. Yana murmushi ya ce, “Kowa ta shuka nata, mu ga mai hannun albarka.” Shi wasa yake yi. Ni ban ji wasa ba ko kaɗan. Na riga ta zaɓar wuri, na kama bakin rariya inda ruwan wanka ke bi, na bar mata gefen madafa inda ƙasa ta yi tauri. Kowacce ta cire ƙananan da suka fito ta bar guda mafi ƙarfi. Tawa ta miƙe sambal, ta wuce tata da kamu biyu ko fi, ganye kore shar. Duk wanda ya shigo gidan sai na ja shi ya gani, ko da mai tallar kanwa ce.

Sai suka yi fure. Tawa ta fitar da dogayen sillaye masu reto, kowanne cike da ƙananan furanni farare masu ɗan rawaya, da yamma ƙamshinsu har zaure. Tata kuwa fure ɗai-ɗai ne, manya, sun lafe a jikin bishiyar a gindin ganye, ba wani kyan gani. Na ce mata, “To, 'yar Djougou, ina albarkar?” Ta ci gaba da ba tata ruwa abinta. Ba a jima ba furanninta suka zubar da leɓɓansu, ƙwallaye kore suka bayyana, suna ta kumbura. Nawa kuwa su buɗe, su yi ƙamshi, su zube a rariya, ni ce ma mai shara.

Inna ce ta fara faɗa. Ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ɗaga kai ta ce, “Ayya, wannan ai namiji ne.” Taubashiyata ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Tsakanin taubasai ba a fushi da tsokana, kowa ya san haka, ita kuma ta sami abin yi. In na dawo lakwal sai ta ce, “Sannu da zuwa, matar mai ƙamshi, angonki na can yana jiranki.” In na ɓata rai a ce ba ni da wasa.

A wajenmu akwai abin da ake yi wa namijin gwanda. Ana ɗaura masa tsohon zanen mace a ƙugu, wai don ya ji kunya ya haihu. Inna ta rasa zanen da za ta ɗauko duk gidan sai nawa, wani shuɗi da na daina ɗaurawa. Haka bishiyata ta tsaya a tsakar gida da zanena a jikinta, maƙwabta na shigowa suna tambaya ko an sa ranar biki. Kai, na sha takaici! Ban taɓa jin kunya irin ta watannin nan ba, bishiyar kuwa ko a jikinta.

Ranar da gwandar taubashiyata ta fara nuna, ita da kanta ta fere ta kai wa Baba a faranti. Ya ci, ya lumshe ido, ya ce ɗanɗanon ta gidan ƙanwarsa ce sak. Idonsa ya kawo ruwa. Ya dafa kanta ya ce, “Allah ya yi miki albarka.” Ina tsaye a bakin ƙofa da buta a hannu, ji nake kamar in kwara wa kowa ruwan. Da ya gama ya waiwayi tawa ya ce in ba ta yi komai ba zuwa bayan Sallah a sare ta, tana tare hanya a banza.

A cikin wannan hali ne mushe, haka muke kiran malaminmu na lakwal, ya shigo aji wata safiya da jan furen nan mai faɗi da ake shukawa a bakin shingen ofisoshi. Ya sa reza ya tsaga shi biyu daga sama har ƙasa, ya bi da shi layi layi muna gani. Ya nuna mana 'yan koren ganye na gindi da ke rufe fure tun yana toho, da manyan leɓɓa masu launi da ke kiran ƙwari. Ya nuna siraran zaruruwa masu ɗauke da gari rawaya a kansu, ya ce su ne ɓangaren namiji. A tsakiya kuma ga wani abu kamar ɗan tulu mai dogon wuya, bakinsa da danƙo, cikinsa ƙananan ƙwayoyi farare a jere, ya ce wannan ne ɓangaren mace. Sai garin nan ya sauka a bakin tulun kafin cikin ya kumbura ya zama ɗan itace, ƙwayoyin su zama iri. Ya ƙara da cewa wasu tsirrai ba sa haɗa biyun a fure ɗaya, namiji na bishiyarsa, mace na tata, ƙwari ne ke jigila a tsakani. Ya ce, “Kamar gwanda.”

Ban ji sauran darasin ba. Ana tashi na ruga gida, ko takalmi ban tsaya ɗaurewa da kyau ba. Na ɗauko tsohuwar rezar Baba, na tsinko furena ɗaya, na lallaɓa na tsinko nata ɗaya, na zauna bayan rumbu. Nawa siririn bututu ne, da na tsaga shi sai ga zaruruwan a jere a bakinsa, garin ya shafe mini yatsa rawaya, tulun kirki kuwa babu. Nata na buɗe, ga tulu ƙato kamar ƙwan zabo, kansa a baje kamar yatsu, cikinsa fal ƙwayoyi, amma ko ɗigon gari babu. Da magariba na tsaya na zuba ido. Ga su nan, irin malam-buɗe-littafin nan masu kaurin jiki, suna shan furannina suna tsallakawa nata. Ashe duk gwandar da Baba ke sa wa albarka da garin bishiyata aka yi ta! A unguwar kuma ba wani namijin, don kowa saran nasa yake yi da ya gane shi.

Na jira ya gama tuwo, na durƙusa, na shimfiɗa furannin biyu a kan murfin akushi. Na yi bayani tiryan-tiryan kamar yadda mushe ya yi. Na ce, “Baba, in aka sare tawa, tata ma ba za ta ƙara haihuwa ba.” Ya dube ni, ya dubi furannin, sai ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, “Ashe abin da ake koya muku ke nan a lakwal, auren itatuwa?” Inna kuwa ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Ke, tashi ki ba mutane wuri! Yarinya ƙarama a gaban ubanki kina zancen namiji da mace, ba ki da ta ido? Wa ma ya ce ki tsinkar mata fure?”

Bayan Sallah Baba ya ɗauko adda da kansa. Gwanda ba ta da ƙashi, sara biyu ta kwanta, da zanena a ƙugunta. Na shige ɗaki na ƙi cin abinci, ba wanda ya biyo ni.

'Ya'yan da tata ta riga ta ɗauka suka nuna, aka cinye. Daga nan sai ta fara abin da na faɗa. Fure ya buɗe, ya yi kwanaki yana jira, ƙwallon ya yi rawaya tun yana ƙarami ya faɗo. Kowace safiya sai taubashiyata ta tsince su a gindin bishiyar tana juya su a hannu. 'Yan kaɗan da suka tsaya ba su yi girma ba, in an yanka ciki fayau, ba iri ko ƙwaya. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Na yi ta kai da kawo a gaban Baba, ina gyara masa tabarma, ina jiran ya ce, “'Yata, ashe gaskiya kika faɗa.” Abin da nake so ke nan a duniya, ba zane ba, ba tsoka ba.

Maimakon haka Inna ta tare ni a madafa ta ce, “Kin ji daɗi ko? Da bakinki kika ce ba za ta ƙara haihuwa ba, ga shi ta daina. An gan ki kina tsinkar furenta, an gan ki da magariba kin tsura mata ido. Hassadarki ce ta ƙone ta.” To, musun me zan yi? In ce ba na kishinta? Ƙarya ce, kowa a gidan ya sani. Aka rataya wa bishiyar tsohon takalmi maganin baki. Taubashiyata kuma ta yi ta kuka wai irin uwarta ya ƙare, har Baba ya kai ta kasuwar Arzeke ya saya mata sabon zane. Tun daga lokacin ita ke ɗauke akushi. Ni bai zage ni ba, bai kuma tayar da maganar ba, ko sau ɗaya.

Muka girma. Aka aurar da taubashiyata Djougou, dangin ubanta. Ni na yi aure a nan Parakou, a Kpébié, kuma ni na riƙa kai wa Baba abinci da hannuna shekara da shekaru har Allah ya karɓi abinsa. Mun yi hira iri-iri da shi, ta shanu, ta mutanen da, ta jikokinsa. Gwanda ba ta taɓa shigowa ba.

Bayan rasuwarsa da daɗewa na je Djougou sunan jikarta. Mun sauka ana kiran magariba, kuma tun daga zaure ƙamshin ya tare ni, na gane shi kafin in gan shi. A tsakar gidanta ga gwandoji a jere sun yi nauyi da 'ya'ya, a tsakiyarsu kuma ga namiji dogo yana reto da furanninsa, ba zane, ba komai. Na tsaya da jakata a hannu.

Na ce, “Ke, 'yar Djougou, wannan fa? Addarku ce ta ɓata?”

Ta yi dariyar nan tata da ba ta tsufa ba, ta ce, “Angonki ne, ai ba mai taɓa shi. Kawu ne ya yi mini wasiyya.” Kawu take kiran Baba. “Ranar da za a kawo ni gidan nan ya kira ni yana mini nasiha. Ya ce in na shuka gwanda in bar namiji guda. Ya ce 'yar'uwarki ta faɗi gaskiya tun tana ƙarama, mu ne muka ƙi ji, har aka ɗora mata laifin da ba nata ba.”

Ta ga yadda na yi. Dariyar ta tsaya. Ta ce, “Au, bai gaya miki ba?”

Na ce mata a ba ni buta in yi alwala, lokaci na wucewa.

Maganar tawa ce. Ni na durƙusa na shimfiɗa furanni a kan murfin akushi, ni aka yi wa dariya, ni na jira. Da Baba ya tashi faɗinta sai ya ba ta, ta taho da ita Djougou cikin kayan aure, ni kuwa ina can ina kai masa tuwo. Ina da furfura a lokacin, ina da jikoki, amma wallahi kishin da ya taso mini a tsakar gidan nan bai rage komai daga na ranar farantin ba.

Bayan sallah ta aiki yaro ya tsinko mafi girma, ta yanka ta biyu da kanta. Cikin ja wur, cike da baƙin iri yana sheƙi. Ta turo mini farantin ta ce, “Bismillah, ci, ai da ke aka yi ta.”

Na ce mata cikina ba ya karɓar gwanda.