Jan Haske a Arewacin Bungudu

Shekarar da aka fara harba tauraron ɗan'adam ina koyarwa a Bungudu. Hedimastanmu, wani Kirista mutumin kudu, ya kawo mini takarda daga Gusau. Ya ce masana na son su gwada abin da tauraron ke aunawa can ƙarshen sama da wani jan haske da kan bayyana a ƙasashen sanyi. Aikina in dubi arewa bayan magariba, in rubuta ko na ga ja. Kullum "babu" nake rubutawa.

Ana haka matata, wadda ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Tsafe, ta rasu wajen haihuwa, ita da ɗan. Kafin in isa an binne su. Na kwana bakwai bisa tabarma, ana yi mini gaisuwa ina amsawa. Ban yi kuka ba, ban ma ji yunwa ba.

Ran da na dawo, hedimasta ya ce, "Malam, bar takardar nan ka huta." Na ƙi. Da magariba sai ga arewa ta yi jawur. Hedimasta ya iso yana haki, yana nuna mini da yatsa.

Na ce, "Mafarauta ne suka sa wa daji wuta. Ba ka ji ƙauri ba?"

Na rubuta "babu". Sannan na cike layuka bakwai na kwanakin da ba na nan da wannan kalmar. Ban dubi sama a kwanakin ba, amma ban yi ƙarya ba.