Littafin da Kawu Ya Auna da Hannu

Sandamu

Mun fito daga gida bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, ni da Kawu Lawal, ƙanin mahaifiyata. Ku 'yan ajinmu na wajen Malama Binta da kuka ce in rubuto muku yadda ake zuwa Katsina sayen littattafai, ga shi nan. 

Kun ji Malama da kunnenku: wadda ke son ta wuce buga takardu, ta koyi rumbun bayanai da gina shafin intanet, sai ta mallaki littafi nata, don ba kullum ake da wuta da data ba. Abin da ba ku sani ba shi ne irin fama da na yi da Baba kafin ya yarda. A bakin zaure ya tsayar da ni ya ce, "Rabi, sau ɗaya ne. In wani abu ya faru a hanyar nan, komai ƙanƙantarsa, kin gama da kwamfuta. Ko Daura ba ki ƙara zuwa." Sannan ya haɗa ni da Kawu, wai shi ya san duniya. Duniyar raguna ya sani, dillali ne a kara, kasuwar dabbobi.

Daura

Babura biyu suka kai mu tashar Daura. Muka sami ƙaramar mota mai jiran mutum uku, muka sha koko da ƙosai kafin ta cika. Ƙosan ya kwana, ko ita mai tuyar ba ta musa ba. Kawu ya kama gaba, ni aka cusa ni baya kusa da wata tsohuwa mai ƙwaryar daddawa, za ta duba jikarta a Katsina.

Direba ya ce, "Alhaji, asibiti za a kai yarinyar?"

"Wane asibiti? Littafin injin za mu saya mata. Ni zan zaɓa, don kada a cuce ta."

Ni kuwa ina ta maimaita abin da Malama ta koya mana a zuciyata: a fara buɗe shafin farko a ga shekarar bugu, domin littafin kwamfuta yana tsufa kamar madara. A ga ko akwai aikin gwaji a ƙarshen kowane darasi. In babu, labari ne kawai.

Mashi

Babura kamar ƙudaje, kowanne da jarka ko buhu. Gaba da garin kaɗan akwai shinge, itace aka gitta a kan duro biyu, wasu maza suna zaune a benci ƙarƙashin darbejiya. Ban san ko na wace hukuma ne ba, ko da na sani ma ba zan faɗa ba. Bencin nasu ƙafa ɗaya gajera ce, duk wanda ya motsa sai sauran su karkace. Har na yi dariya a cikin hijabi. Suka ɗaga mana hannu muka wuce.

Katsina

Hantsi ya ɗaga muka isa. Adaidaita ta kai mu layin masu littattafai, muka shiga wani shago mai zurfi, mai shi yana kaɗe ƙura da jelar saniya. Na ce ina neman na koyon rumbun bayanai, wanda ake kira SQL, da na gina shafi. Ya dube ni, ya juya ya amsa wa Kawu, kamar shi ya yi tambayar.

Na ratsa da kaina na zaro guda biyu. Na farko siriri ne, bugun kwanan nan, ya fara da yadda za ka tsara sunayen ɗalibai da ajinsu a jadawali, ka tambayi kwamfuta ta fito maka da wanda kake so, kowane darasi da aikin gwajinsa. Na biyu na gina shafi ne, mataki-mataki, har yadda za a haɗa shafin da rumbun. Turancinsu mai sauƙi, wanda mai sakandare za ta iya bi.

Kawu ya karɓa ya ɗora a tafin hannu yana ɗagawa yana saukewa, yadda yake wa rago in yana neman nama. Ya ce, "Waɗannan ramammun? Malam, ba ka da mai ƙiba?"

Ai kuwa mai shago ya gane ya sami kasuwa. Ya hau kujera ya sauko da wani jibgege, takardarsa ta yi ja, a bangonsa hoton wani mutum ya rufe kansa da baƙar hula yana danna kwamfuta a cikin duhu.

"Ranka ya daɗe, wannan shi ne ubansu. Komai na ciki."

Na buɗe shafin farko. Littafin ya girme ni. Kuma ba na rumbu ba ne, ba na shafi ba, na dabarun kare kwamfuta daga masu kutse ne, irin kwamfutocin da yanzu ko a bola ba a samu. Na ce a hankali, "Kawu, ya tsufa."

"To, ai shi ne! Littattafan malamanmu wanne ne sabo? Tsohon littafi shi ke da albarka. Ke wa ya san wanda ya rubuta waɗannan na jiya-jiya?"

Mai shago yana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ku faɗa mini, a gaban baƙo yaya zan ja da ƙanin uwata? Iyakar abin da na iya shi ne na ƙanƙame nawa biyu na ce Malama ce ta ce su. Da ƙyar ya yarda aka haɗa da su, wai a matsayin gyara. Ya yi ciniki kamar ana gobe sallah, ya fito rungume da ƙaton a fili, bai ko bari a sa masa a leda ba. Muka ci shinkafa da wake a tasha, muka yi azahar. Sai ga tsohuwar nan mai daddawa, ƙwarya wayam, mota ɗaya muka sake shiga.

Shingen Mashi

Wannan karon ba su ɗaga hannu ba. Ɗaya ya leƙo, idonsa ya sauka a kan littafin da ke cinyar Kawu.

"Alhaji, wannan mai baƙar hular fa? Ba irinsu ne ke kwashe wa mutane kuɗi a waya ba?"

Mutumin da ya ce shi zai zaɓa, wanda Baba ya ba amanata, wallahi bai ko yi tari ba. Ya ce, "Ba nawa ba ne, yallaɓai. Ni ko boko ban yi ba. Na yarinyar ne." Ya miƙo mini shi ta kan kujera.

"Fito," in ji mutumin shingen.

Na fito na bi shi gindin bishiyar. Suka zagaye ni, suka karɓi wayata suna dubawa. Ɗaya ya ce yanzu har mata sun shiga yahoo. Wani ya ce a bar mota ta tafi, ni a wuce da ni ofis. Ofis ina? Ba wanda ya faɗa. Na hangi direba yana duba agogo. Kawu kuwa ya sami wani abin kallo a gonar gero da ke ɗaya gefen titi.

Na zaro siririn daga jaka, ya faɗi, na ɗauka. Na ce, "Yallaɓai, wannan nake koyo. Sunayen 'yan makaranta ne, duba, ga aji, ga shekaru." Muryar da ta fito ban san ta ba. Babbansu ya karɓa ya riƙe shi a juye yana kallo. Na fara kuka, ba na son yi, amma ya ƙi tsayawa.

Sai na ji ƙofar mota ta buɗe. Tsohuwar ce, tana ɗaure zani.

"Kai ɗan nan, ka dubi Allah. Tun safe nake tare da ita. Wancan mai babbar rigar shi ya shigo da littafin a rungume yana wa direba alfahari, kunnena ya ji. In kamu za ku yi, ga shi can. In ba haka ba ku ba ni jikata, la'asar na wucewa."

Ba jikarta ba ce ni, ko sunanta ban sani ba. Suka dubi Kawu, suka dubi juna, ɗaya ya fashe da dariya. Babbansu ya miƙo mini waya da littafina, ya ce ƙaton zai zauna a yi bincike. Mota na tashi na waiwaya. Sun riga sun fara binciken: sun tura shi ƙarƙashin gajeriyar ƙafar benci, ya zauna daram. Ban taɓa ganin littafi ya sami aikin da ya dace da shi da wuri haka ba.

Har Daura tsohuwar na riƙe da hannuna. Kawu bai juyo ba ko sau ɗaya.

Gida

A kan babur tunani ɗaya nake: yana faɗa wa Baba, na gama. Muka tarar da Baba a zaure yana alwalar magariba.

"Lawal, yaya hanya?"

Na sunkuyar da kai. Kawu ba shi da yadda zai ba da labarin shinge ba tare da ya kai ga "na yarinyar ne" ba, kuma ya san ina tsaye.

"Lafiya lau, Yaya. Ko tsayar da mu ba a yi ba."

Baba ya karɓi littattafan biyu ya jujjuya. "'Yan waɗannan kuka je har Katsina?"

"Ai ba a girma abin yake ba," in ji Kawu. "Shekara ake dubawa. Ni na zaɓa mata."

Baba ya ce to madalla, gobe in koma wajen Malama.

Don haka in za ku je, ku buɗe shafin farko kafin kowa ya ɗaga littafin a hannu, ku sa abin da kuka saya a jaka, kuma ku roƙi iyayenku su haɗa ku da tsohuwa. Na gode wa Allah da ya dawo da ni, na gode wa Malama Binta, da Iya mai daddawa, Allah ya ba jikarta ta gaskiya lafiya. Na yi darasin farko jiya, kwamfuta ta fito mini da sunayen da na nema. Amma ko yaro ya ce "fito" a tsakar gida, sai na zabura na waiwaya ina neman Iya.